A ƙyale fatalwar fim ta sha iska, mai nuna maƙwabci da yatsa shi ne abun kamawa

A watan Afrilun 2021 mutanen wata unguwa a Depok, nan gefen Jakarta babban birnin Indonesiya, suka wayi gari da labarin wai an kama babi ngepet. A camfinsu wannan mutum ne da ya je wajen boka neman dukiya, sai a ba shi asirin da zai riƙa rikiɗa ya koma aladen daji da daddare, ya bi gidajen mutane yana goga jikinsa a bango kuɗin gidan na zurarewa suna komawa nasa, wani nasa kuma na zaune a gida yana gadin kyandir, in wutar ta fara rawa to asiri na shirin tonuwa kenan, sai a hure ta ya dawo mutum. To aka ce ga shi yau an kama ɗaya, wai ma sai da maza suka tuɓe zigidir kafin ya kamu, jama'a suka yi dafifi ana kallo ana ɗauka a waya duk da ana tsakiyar korona, ƙarshe aka yanka aladen aka binne. Ba a jima ba 'yan sanda suka tono gaskiya, ashe wani ne da ake kira ustaz a unguwar ya haɗa baki da abokansa suka sayo ɗan aladen ta intanet don kawai ya yi suna mutane su riƙa jin maganarsa. Kotu ta ɗaure shi shekara 4.

Mutane sun sha dariya, ni ma na yi, amma abun da ya tsaya mini a rai wani bidiyo ne da ya fito ana cikin hayaniyar, wata mata ta tsaya gaban kyamara tana cewa ita dama ta daɗe tana zargin wani maƙwabcinta, ba ya fita aiki amma kullum da kuɗi a hannunsa. Shikenan fa. Hujjarta kenan. Da a ce an samu matasa goma masu zafin kai a wajen a wannan daren, Allah kaɗai ya san abun da zai samu bawan Allahn nan.

Ina kawo wannan ne saboda muhawarar da ake yi a ƙasashen gabashin Asiya da kudu maso gabashinta shekara da shekaru, wadda mu ma muke da irinta, wato shin a hana finafinai da labaran fatalwa da dodanni ne don suna dasa camfi a zukatan mutane ko a bar su. Ni dai ra'ayina a fili yake, hukumomi sun ɓata lokaci suna bin fatalwar allo da almakashi, alhali ba ita ke zubar da jini ba. Jini yana zuba ne ranar da labarin ya bar matacce ya koma kan rayayye, ranar da aka daina cewa akwai wata aba a gindin ayaba aka koma cewa wane ne, ga gidansa can.

Ku duba Malesiya, ƙasar musulmi ce, kuma ta gwada hanin da gaske. Babbar fatalwarsu ita ce pontianak, a Indonesiya kuma su ce kuntilanak, mace ce da ta rasu wajen haihuwa ko da ciki, doguwar suma, farin tufafi, tana zama a bishiyar ayaba, kafin ka gan ta sai ka ji ƙamshin fure sannan wari ya biyo baya, in ka ji dariyarta kusa to tana nesa, in ka ji ta can nesa-nesa to ka yi ta kanka. Wai in aka kafa mata ƙusa a ƙeya sai ta koma kyakkyawar mace mai ladabi har a aure ta, ranar da aka zare ƙusar kuma ta koma gidan jiya (wanda ya ƙirƙiro wannan ɓangaren na ƙusa namiji ne, ko ba a faɗa mini ba na sani). Akwai ma birni guda a tsibirin Borneo mai suna Pontianak wanda aka kafa a 1771, labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne wanda ya kafa shi, Sharif Abdurrahman Alkadrie, sai da ya yi ta harba igwa ya kori fatalwowin wajen kafin ya gina masallaci da fada. Finafinan pontianak sun yi tashe tun 1957 lokacin ana haɗa finafinan Malay a Singafo, daga baya masu tace finafinai suka toshe hanya, aka yi kusan shekara 30 ba sabon fim ɗin pontianak na gida a sinima sai 2004.

To a cikin waɗannan shekarun na hani camfi ya mutu? A 1993, ana tsakiyar hanin, wani ɗan majalisar jihar Pahang mai suna Mazlan Idris, mutum ne da ya yi karatu a Amurka, ya kwashi kuɗi masu yawa ya kai wa wata bokanya Mona Fandey, tsohuwar mawaƙiya, don ta ba shi laƙanin da zai ɗaga shi a siyasa. Aka ce ya kwanta ya rufe ido kuɗi za su zubo daga sama, yaronta ya sare masa kai da gatari, suka daddatsa gawar suka binne. An rataye ta da mijinta da yaron a watan Nuwambar 2001. Babu fim ɗin da ya tura wannan mutumin wajen bokanya, kwaɗayin mulki ne ya kai shi. Sannan a 2014 da jirgin saman Malesiya MH370 ya ɓace duniya ta ga wani boka a filin jirgin saman Kuala Lumpur yana ɗaga kwakwa biyu sama wai yana neman jirgi, mutanen ƙasar kunya kaman su nutse.

Chaina kuwa nata hanin na doka ne, ba a yarda fim ya yaɗa camfi ba, don haka masu finafinan tsoro na can suka koyi dabara, za a yi ta tsorata ka awa ɗaya da rabi sai a ƙarshe a ce ai mafarki ne, ko taɓin hankali, ko wani mugu ne ya sa mata ƙwaya a shayi. Duk da haka in watan bakwai na kalandarsu ya kama, wanda suke cewa ana buɗe ƙofar lahira mayunwatan fatalwowi su fito, za ka ga mutane a bakin titi suna ƙona kuɗin takarda wa mamatansu. A Singafo ma har wasan waƙa ake shiryawa a bar kujerun sahun gaba ba kowa, wai na baƙin ɓoye ne.

Ni abun da ya fi burge ni da fatalwowin Indonesiya shi ne sun san likkafani. Akwai pocong, gawa ce a cikin likkafaninta da aka manta ba a kwance mata ɗaurin ba a kabari, sai ta fito tana tsalle-tsalle tunda ƙafafun a ɗaure suke, tana neman wanda zai kwance ta. Duk wanda ya taɓa shiga kabari ya karɓi gawa ya san maganar kwance ɗauri, kun ga tsoron daga cikin gidan musulmi ya fito ba daga wani daji ba. A Afrilun 2020 matasan ƙauyen Kepuh a tsakiyar tsibirin Jawa na Indonesiya suka naɗe kansu da farin ƙyalle suna zama a bakin hanya da daddare don mutane su ji tsoro su zauna a gida saboda korona, da farko ma abun ya juye musu, jama'a suka riƙa fitowa kallon pocong, sai da suka koma ɓullowa ba zato sannan ya yi aiki. Mutanen da za su fito da waya su ɗauki hoton fatalwa, ai ba za ka ce fatalwar ta mallaki imaninsu ba.

Wasu labaran kuma aiki suke yi wanda allon gargaɗi na gwamnati ba zai iya ba. A gaɓar tekun kudancin Jawa ana cewa kar ka sa koren kaya ka shiga ruwa, kore launin Nyi Roro Kidul ne sarauniyar tekun kudu, za ta ja ka ka zama bawanta, har wani otal a Pelabuhan Ratu ya ware mata ɗaki mai lamba 308 an yi masa ado da kore. Gaskiyar magana ita ce wannan gaɓar tana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa da ke haɗiye mutane duk shekara, yaron da ya taso yana shakkar sarauniya ba zai yi wa ruwan garaje ba. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne na tsibirin Simeulue a lardin Aceh na Indonesiya, su ma musulmi. Bayan ambaliyar teku ta 1907 da ta cinye musu mutane, kakanni suka sa abun a waƙa da labarin dare, suna kiransa smong, suna ce wa jikoki in ƙasa ta girgiza da ƙarfi kuma ka ga teku ta ja baya to kar ka tsaya tsintar kifi, ka gudu tudu. A Disambar 2004 da tsunami ta zo tsibirin na kusa-kusa da cibiyar girgizar, mutanensa sun haura 70,000, amma mutum 7 kawai suka rasu, alhali a sauran Aceh waɗanda suka mutu sun haura dubu ɗari. Ba na'ura ba rediyo, bakin tsofaffi ne kawai.

Na san abun da malamai za su ce kuma ba na raina shi. Za su ce aljanu gaskiya ne, sura guda ke gare su a Alƙur'ani, amma matacce ba ya dawowa, kuma kai wa sarauniyar teku hadaya shirka ce tsagwaronta. Haka ne, kuma malaman Indonesiya da kansu suna faɗa a kan mumbari, wannan aikinsu ne. Sai dai tsakanin wanda ya kai hadaya da wanda ya biya kuɗin tikiti don ya ji tsoro na awa biyu ya fito ya sayi gyaɗa akwai tafiya mai nisa. Mu nan tatsuniya tun daga bakin ƙofa take gaya maka ko ita wacece, ga ta nan ga ta nanku, in an gama a ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Mai tatsuniya bai taɓa ce maka ka kawo baƙin bunsuru ba. Boka ne ke rantsuwa cewa nasa gaskiya ne, kuma shi ke karɓar kuɗi.

Ni ma dai akwai inda nake ganin an wuce gona da iri. A 2024 wani kamfani a Indonesiya ya fitar da hoton tallan fim mai suna Kiblat, mace cikin kayan salla ta banƙare a ruku'u fuska sama kaman aljani ya murɗe ta. Majalisar malamai ta ƙasar, MUI, ta yi magana, jama'a suka yi ca, masu fim ɗin suka je suka ba da haƙuri, suka janye hoton suka canja sunan. Wannan ya yi mini daidai, an gyara abu ɗaya da ya taɓa salla ba tare da an rufe wa masana'anta gaba ɗaya baki ba, masana'antar da a 2022 fim ɗinta guda na aljanun wani ƙauye ya sayar da tikiti wajen miliyan 10.

Yanzu ku zo ku ga inda jini ya zuba. A 1998, shekarar da mulkin shugaban Indonesiya Suharto ya faɗi, aka fara kashe mutane a Banyuwangi da ke gabashin Jawa da sunan su dukun santet ne, wato masu jifa da asiri. Hukumar yankin ta sa a tattaro sunayen waɗanda ake zargi wai don a ba su kariya, jerin ya zama takardar farauta. Wasu mutane masu baƙaƙen kaya da rufe fuska, waɗanda aka riƙa kira ninja, suna zuwa da dare su fito da mutum daga ɗakinsa, wani wajen kuma maƙwabta ne da kansu suka yi aikin. Cikin waɗanda aka kashe har da malaman allo masu koyar da yara karatu da 'yan Nahdlatul Ulama, babbar ƙungiyar musulunci ta ƙasar. Da tsoro ya juya sai jama'a suka koma farautar ninja, duk baƙon da ya kasa bayanin kansa ya shiga uku, aka kashe masu taɓin hankali da ke yawo a titi ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Rayukan da suka salwanta sun haura ɗari nesa ba kusa ba, kuma sai a Janairun 2023 shugaba Joko Widodo ya fito ya amsa cewa wannan na cikin manyan take haƙƙin ɗan'adam 12 da aka yi a tarihin ƙasar. A duk wannan ta'asar babu kuntilanak ko ɗaya, babu pocong, akwai dai sunaye a takarda da tsohuwar gaba ta gona da gado.

Kuma ba sabon abu ba ne. A 1768 zamanin sarki Qianlong an yi irinsa a Chaina, aka ce akwai masu yanke wa mutane kitson ƙeya su sace musu kurwa, waɗanda suka sha duka da azaba har wasu suka mutu su ne mabarata da sufayen Buddha masu yawo gari-gari, wato wanda ba shi da kowa a garin da zai tsaya masa.

Misalin da ya fi fito mini da abun fili shi ne na ɓacewar gaba, don mu ma mun san shi sarai. A ƙarshen 1967 ɗaruruwan maza a Singafo suka cika asibitoci a firgice wai gabansu na shigewa ciki, wasu sun riƙe da hannu wasu sun ɗaure da zare, jita-jitar ita ce naman aladen da aka yi wa allurar rigakafi ne ya jawo. Mahautan alade suka yi asarar ciniki, likitoci da ma'aikatar lafiya suka fito a jarida da talabijin suka yi bayani, cikin 'yan makonni abun ya lafa. A tsibirin Hainan na Chaina a 1984 zuwa 1985 an yi irin wannan firgici, su kuma suka ɗora wa aljanar dila, aka yi ta kaɗa ƙarafa da fasa nakiyar wasa don a kore ta. Tsoro iri ɗaya ne da namu sak, bambancin kawai su nasu ya sauka a kan nama da dila, namu kuwa kullum a kan mutum yake sauka, wanda ya ba ka hannu a tasha, wanda kafaɗarsa ta gogi taka a kasuwa. A 2023 a Abuja an yi ta dukan mutane a kan wannan zargin har 'yan sanda suka fara kama masu ihun ƙaryar suna kai su kotu, in an je asibiti likita ya duba ya ce komai na nan daram, amma wanda aka farfasa wa kai fa?

Japan ma da ake ganin sun ƙure boko ba su tsira ba. Suna da camfin cewa macen da aka haifa a shekarar dokin wuta, wadda ke zagayowa duk shekara 60, za ta zama mai zafin rai ta kai mijinta kabari. A 1965 an haifi jarirai wajen miliyan 1.8, a 1966 shekarar dokin sai suka faɗo zuwa ƙasa da miliyan 1.4, a 1967 suka koma sama da miliyan 1.9. Ma'aurata sun ƙi haihuwa ne don gudun kar su haifi 'yar da za ta rasa miji. Ƙasar da ke sayar wa duniya zanen dodanninta da dilolinta masu jela tara, yaranmu ma na kallo a waya, babu ɗaya cikin dodannin nan da ya taɓa yi mata ɓarnar da wannan camfin guda ya yi, saboda shi a kan 'ya'ya mata masu rai ya sauka.

Akwai labari ɗaya da ke ɗan karya mini hujja kuma ba zan ɓoye shi ba. Mbah Maridjan dattijo ne da fadar Sarkin Yogyakarta a tsibirin Jawa ta naɗa mai kula da dutsen Merapi mai aman wuta, shi ke kai hadayar shekara ga mazauna dutsen na ɓoye. A 2006 aka ce kowa ya tashi ya ƙi, ya tsira, ya zama gwarzo har da tallan abun sha a talabijin. A 26 ga Oktoba 2010 dutsen ya sake tashi, ya sake zama, zazzafar toka ta same shi a gidansa, aka tsinci gawarsa a yanayin sujada, kuma wasu da suka tsaya ko suka koma ɗauko shi suka mutu tare da shi. Nan babu wanda aka nuna da yatsa amma an rasa rayuka. Sai dai ko a nan ba labarin dare ne ya yi kisa ba, mutum mai rai ne da jama'a suka ɗauka maganarsa ta fi ta masu auna dutsen da na'ura.

Da na waiwayo gida sai in ga mu ma almakashin muka fi ƙwarewa a kai. Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, ta tarayya ma a 2024 ta fito da ƙa'idoji a kan nuna tsafin kuɗi a fim, duk ba laifi. Amma yarinya za ta yi zazzaɓi mai zafi ta fara sambatu ta ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, shikenan an ce mayya ce ta kama mata kurwa, a jawo ta a tsakar rana a ce sai ta tsallaka mara lafiya, a yi mata tsirara, jikokinta su rasa masu aure, wani lokacin ma a ƙona ɗakinta, kuma sau nawa kuka ji an ɗaure wanda ya fara furta kalmar? Kusan kullum bazawara ce ko gwauruwar da ba ta da ɗa namiji a kusa, ban taɓa jin an ce matar mai kuɗin unguwa mayya ce ba. Yarinyar kuma da maleriya ta hau mata kai ana can ana shari'ar maita ba a kai ta asibiti ba.

Indonesiya a sabon kundin dokokinta ta sa sashe na 252 da ke hukunta duk wanda ya yi iƙirarin yana da ƙarfin asirin da zai cutar da wani kuma yake tallan hakan, har ɗaurin shekara ɗaya da rabi, ba sai an tabbatar asirin ya ci ba, iƙirarin kansa shi ne laifin. Wannan ya kama boka. Namu kundin hukunta laifuka na Arewa tun tuni yana da irin wannan, har ma ya ƙara da wanda ya zargi wani da maita, wato dokar na nan a rubuce tana shan ƙura. Abun da nake so in gani shi ne mai unguwa da limami su daina zaman sulhun da ake tilasta wa tsohuwa tsallake, duk wanda ya kira wata mayya ko ya yi ihun an sace masa gaba a kai shi gaban alƙali a ranar, a karanto masa sashen, kuma gidajen rediyo su faɗi sunansa da hukuncin da aka yanke masa a labaran yamma yadda suke faɗin na ɓarayin waya.